Hoton da Makaho Ya Karanta

Mantova, 9 ga Satumba, 1524

Zuwa ga Yaya Orsola,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Baba da mijinki Zorzi da Goggo Pasqua. Yaya idon Baba? A wasiƙarki ta bara kin ce haske da duhu kaɗai yake rarrabewa. Allah ya sa abin bai ƙaru ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da sauron garin nan da ya mai da ni abincinsa.

Ƙunshin da mai alfadari zai ba ki, ki kwance shi a hankali. Maigidana ya sa an zana duk makaɗan gidansa domin a rataye a ɗakin kiɗa. Mai zanen, Bortolo, abokina ne, shi ya sake yi mini ƙarami a kan katako ya ce in aika gida. Shekara shida ba ku sa ni a ido ba, bana ma aiki ba zai bar ni in zo ba. To ga ni nan na zo a cikin tsumma, ba na ci, ba na sha, ba kuma zan yi miki musu ba.

Ki rataye shi nesa da murhu, hayaƙi yana cin fenti. Kada ki bar Goggo ta goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ki gaya wa Baba molon da ya yi mini yana nan, na ajiye shi wuri mai kyau.

Ƙaninki,
Taddeo

Feltre, 6 ga Oktoba, 1524

Taddeo,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya. Baba yana cin tuwonsa na gero, yana zagaya tsakar gida da sanda. Idon dai ya tafi gaba ɗaya tun damina, amma kunnen nan nasa har tafiyar kyanwa yake ji. Zorzi ya sauko da shanu daga tsauni, cuku ya yi kyau bana.

Saƙonka ya iso, mun gode. Amma ka san irin tashin hankalin da ka aiko mana a cikin tsumman nan?

Ina kwancewa Goggo ta leƙo, ta gan ka cikin baƙaƙen kaya tun daga hula har wuyan hannu, sai ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Pasqua, matarsa ta mutu!"

Na ce, "Goggo, Taddeo bai yi aure ba."

Ta ce, "To ya yi, ta mutu, bai gaya mana ba. Ke ba ki san halin yaran yanzu ba?"

Kafin rana ta faɗi mata huɗu sun shigo yi mana ta'aziyya, ɗaya har da ƙwai.

Washegari limamin cocinmu, Don Ilario, ya zo da kansa. Ya tsaya gaban hoton ya goya hannu, ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce molon da aka kife a kan tebur yana nufin daɗin duniya mai wucewa ne, busasshiyar bishiyar da ke bayan taga kuma mutuwa ce, takardar da ke hannunka na dama addu'a ce. A ganinsa ka kusa barin kiɗa ka shiga gidan masu ibada. Zorzi yana gefe yana cin tuffa, ya ce shi dai abin da ya gani mutum ne da aka zaunar wuri ɗaya har ƙafarsa ta mutu.

Ni ban yarda da ko ɗayansu ba, kuma ga nawa karatun. Me ya sa ka kawar da kai, ba ka kallon mu? Me ya sa bakinka a rufe gam? Ni na goya ka bayan rasuwar Inna, na san fuskokinka duka. Wannan ita ce wadda ka yi ranar da ka fasa tulun man zaitun ka tura ɓaraguzan ƙarƙashin gado. Sannan me ya sa molon Baba yake a kife? Na haɗa da maganarka ta "na ajiye shi wuri mai kyau," sai raina ya ɓaci. In manyan birni sun ba ka nasu mai ado, har kana jin kunyar na ubanka, ka fito ka faɗa. Da ragowar ganinsa ya ƙera shi, kai ma ka sani.

Baba ban gaya masa wannan ba. Ya ce in faɗa masa yadda kake, na ce ka yi ƙiba, ka yi kyau, gemu ya fito. Ya shafa fuskar hoton da yatsunsa, ya ce fentin a kwance yake sumul, ba ya gaya wa makaho komai.

Ka rubuto ka faɗa mini wa ya mutu, ko me ya mutu.

Yayarki da ta raine ka, ko ka manta,
Orsola

Mantova, 3 ga Nuwamba, 1524

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Na yi baƙin cikin jin idon Baba ya ƙarasa rufewa, na kuma gode wa Allah da ya bar masa ke. Ni lafiya lau. Hazon tafkin da ya kewaye garin nan ya sauko, sauro ya yi sauƙi.

Na karanta wa Bortolo wasiƙarki, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce a tambayi Goggo ko ƙwan ya yi daɗi.

Yaya, ba wanda ya mutu. A nan baƙin yadi shi ne na manya, domin rininsa ya fi kowanne wuya. Maigida ne ya ba ni rigar, kuma tun da nake ban taɓa sa wadda ta kai ta ba. Da na san za ta jawo ta'aziyya, da na ari ja.

Kawar da kai kuma dabarar Bortolo ce. Ya ce soja ake zanawa yana kallon mutane, makaɗi kuwa yana sauraro ake zana shi, kamar an taɓa tsirkiya a ɗakin da ke kusa ya juya ya ji. Ki sake dubawa, za ki ga hasken a kan kunnena ya fi sauka. Rufe baki ma haka ne. A wurin mutanen nan, wanda aka zana haƙoransa a waje mashayi ne ko wawa. Sun fi son a ga makaɗi cikin tunani, da ɗan alamar damuwa, wai a nan basira take zama. Sau uku yana tsawata mini don na yi murmushi.

Ki ba Don Ilario haƙuri. Takardar ba addu'a ba ce, waƙar da na tsara ce ta bikin 'yar maigida. Busasshiyar bishiya kuwa tana cikin kowane hoto da Bortolo ya yi, domin bai iya ganye ba. Kada ki bari ya ji na faɗa.

Maganar molo ce ta sosa mini rai. Yaya, ni zan ji kunyar aikin Baba? An kife shi ne don a ga bayansa. Ki ƙirga siraran katakon da Baba ya lanƙwasa ya haɗa, goma sha uku ne, ba inda bakin allura zai shiga tsakaninsu. Bortolo ya yi kwana biyu a kan wannan kaɗai, ya ce fuskata kowa na iya zanawa, amma irin wannan haɗin sai an yi masa ladabi. Duk baƙon da ya shiga ɗakin kiɗan maigida sai ya tambayi wa ya ƙera shi, ni kuma in faɗi sunan Baba da sunan garinmu.

Kin ga dai duk kun karanta abin da ba a rubuta ba. Ku kwantar da hankalinku.

Naki,
Taddeo

Feltre, 8 ga Disamba, 1524

Taddeo,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Sanyi ya shigo da ƙarfi, Goggo tana fama da gwiwa, sauranmu ƙalau. Mai alfadari ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe hanya, shi ya sa nake sauri.

Da fari, ka yafe mini. Kunya ta rufe ni da na karanta bayaninka. Na yi maka mummunan zato a kan molo, kai kuwa ashe sunan Baba kake ɗagawa. Na gode, ƙanina. Da na karanta masa wurin siraran katakon, ya ce, "Goma sha uku, haka ne," ya yi ta murza gemu. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun kafin ya rufe shago. Don Ilario ya ce duk da haka shi yana nan a kan bakansa game da bishiyar.

Da a nan maganar ta tsaya, da wasiƙar godiya ce kawai zan aiko maka.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci, rana ta ɗan fito. Baba ya ce in sauko da hoton in kai bakin ƙofa inda haske yake.

Ya ce, "Karanta mini shi daga sama har ƙasa. Kada ki gaya mini abin da yake nufi, kowa ya faɗi nasa na ji. Abin da ke wurin kawai nake so."

Na fara daga hula. Na faɗi gira, na faɗi kunne, na faɗi maɓallan riga. Yana ta cewa, "Wuce." Na zo kan hannun dama da takardar, ya ce, "Wuce."

"Hannun hagu fa?"

Na ce, "Yana kan wuyan molo, Baba."

"Yatsun?"

"Uku a miƙe. Ƙaramin da mabiyinsa a lanƙwashe suke, sun shige cikin tafin."

"Faratan fa?"

Na ce, "Haba Baba, wa yake kallon farce a hoto?"

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ke nake tambaya, Orsola. Dubo mini."

Na kai idona kusa. Taddeo, abokin nan naka ba ya barin komai. Kowane farce ya sa masa farin baki, ya zarce kan yatsa, a hannu biyun duka. Na faɗa wa Baba haka.

Ya ce, "Mai zanen nan yana ƙari?"

Na ce, "Ba ya yi. Har tabon girarsa na faɗowa daga bishiyar ɓaure ya sa."

Sannan ya ce, "Mai kaɗa molo da tsokar yatsa yake aiki. Duk kwana uku sai ya yanke farce har ƙasa, in ba haka ba tsirkiya ta yi masa ƙara. Ni na koya masa da wuƙata. Wanda farcensa ya kai haka ya yi wata huɗu bai taɓa tsirkiya ba. Kuma ba wanda ke ɗora hannu a wuyan molo da yatsu biyu a naɗe, sai in ba sa miƙewa."

Ni da nake da ido biyu na yi wata biyu ina kallon riga da bishiya.

Bai ce in tambaye ka ba, ni ce nake tambaya. Me ya sami hannunka?

Orsola

Feltre, 17 ga Fabrairu, 1525

Taddeo,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Wani ɗan kasuwa zai gangara Mantova ta hanyar kogi, na roƙe shi ya kai maka wannan.

Wata biyu da kwana tara ke nan ba amsa. Na ce ƙanƙara ce, amma ɗan maƙwabcinmu da ke aiki a Verona ya rubuto sau biyu a cikin ƙanƙarar nan. In fushi kake don na tambaya, ka yi fushin a takarda in gani. In kuma ba ka iya riƙe alƙalami, ka sa Bortolo ya rubuta. Na yi maka zaton banza sau ɗaya, ba na so in sake, amma shirun nan yana sa ni zato iri-iri, kuma ba mai daɗi a ciki.

Baba ya buɗe shagonsa da ya rufe shekara uku. Kullum da safe sai ya sa na kai shi, na jera masa kayan aiki yadda suke a da. Na tambaye shi me za mu yi, ya ce in riƙe masa katako in rufe bakina. Bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, amma duk motsin da aka yi a ƙofar gida sai ya ɗaga kai.

Yayarka

Mantova, 5 ga Maris, 1525

Yaya Orsola,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da kowa. Jikina lafiya. Wannan karon iyakar abin da zan ce ke nan game da lafiya, domin sauran ƙarya na riƙa yi muku.

Ba ƙanƙara ba ce. Wasiƙarki ta same ni tun kafin Kirsimeti. Na fara amsa ta fi sau goma ina yagawa.

Baba ya yi gaskiya, har lissafin watannin. A watan Afrilun bara muna dawowa daga farauta tare da maigida, dokina ya zame a kan gada, na faɗi a kan hannun hagu. Yatsu biyu suka karye. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗe, amma sun naɗe, ba sa miƙewa, ba sa danna komai. Na gwada wata guda ina kuka kamar yaro, daga nan na rufe molon a akwati. Wurin mai kyau da na ce miki ke nan.

Duk abin da na faɗa game da riga da kunne da bishiya gaskiya ne. Na ɓuya ne a bayan gaskiyar. Ranar da za a zana ni na roƙi Bortolo ya bar ni in sa safar hannu. Ya ce shi ba ya zana abin da babu, ba ya kuma ɓoye abin da ke akwai, amma zai kife molon don idon mutane ya tafi can. Dabarar ta ci kowa. Manyan garin nan masu karatu sun tsaya gaban babban hoton sun yi ta zuba bayani a kan zurfin tunanina, ba wanda ya kalli hannun. Sai da hoton ya je gaban makaho.

Maigida mutumin kirki ne, bai kore ni ba. Ina koya wa mawaƙansa, ina kwafe musu takardun waƙa. Ya ce zai jira har idin Yohanna a watan Yuni, in hannun bai dawo ba zai ɗauko wani makaɗi daga Venezia. Ba zai dawo ba, Yaya. Ni na sani.

Abin da ya hana ni zuwa gida ba aiki ba ne. Ina tuna Baba a bakin taga, ya kai katako har kan hancinsa don ya gani, yana cewa wannan ne na ƙarshe kuma na Taddeo ne. Ya ba ni idonsa, ni kuma na je na zubar da hannun a kan gada, a bin mutanen da ke bin barewa. Da wace fuska zan shigo in ce masa molon ya zama kayan akwati?

Wani lokaci ina ganin da gangan na aiko hoton. Na kasa faɗa da bakina, ina so wani ya gane. Na gode da kika tambaya, na gode da kika sake tambaya. Ki karanta masa wannan duka, kada ki gyara.

Ƙaninki,
Taddeo

Feltre, 24 ga Afrilu, 1525

Taddeo,

Barka da Ista. Mun yi idi lafiya, Goggo ta warware har ta je coci da ƙafarta. Baba yana tari kaɗan, ya rame, amma bakin nan yana nan yadda ka san shi.

Na karanta masa ban gyara ba. Na yi kuka a tsakiya, ya jira na gama. Da na kai ƙarshe abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙaramin da mabiyinsa. Na gode Allah ba babban ba ne. Tashi mu koma aiki."

Akwatin da ya zo da wannan takarda, shi ne aikin. Ka buɗe kafin ka ci gaba da karatu.

Ka gani? Sabon molo ne, komai nasa a juye, kuma ba kuskure muka yi ba. Ga yadda Baba ya bayyana mini, tun ranar da ya buɗe shago ashe abin da ke ransa ke nan. Hannun da ke danna tsirkiya a wuya yana buƙatar yatsu huɗu. Hannun da ke kaɗawa kuwa uku sun ishe shi, babba da biyun da ke biye. Kai kana da ukun nan a hagu, kana da biyar lafiyayyu a dama. To sai hannuwan su yi musayar aiki. Na ce masa ai sai ka juya tsirkiyoyin tsohon molon kawai. Ya ce in da haka ne da kowane jaki ya zama maƙerin molo. Wai 'yan sandunan da ake mannawa ta ciki ba daidai suke ba, gefen murya mai kauri daban, na siririya daban, saboda haka sai an sake komai a juye.

Ƙoƙon na wani molo ne da Baba ya fara ya bari lokacin da ido ya gaza. Fuskar molon ce ta ba mu wuya, domin ba busasshen katako a shagon. Baba ya bi gidan nan kaf yana ƙwanƙwasa duk abin da aka yi da itace yana kasa kunne: ƙofa, gado, akwatin auren Goggo. Ya shiga ɗakin cukun Zorzi, ya ƙwanƙwasa katakon da ake jera cuku a kai, ya tsaya cak.

"Wannan."

Zorzi ya ce, "Baba, shekara goma sha biyu cukuna yana kwana a kansa."

"Shi ya sa ya bushe. Sauke su."

Zorzi ya sauke, ya kuma feƙe katakon da kansa. In ka ji molon yana ɗan wari, ka san wanda za ka gode wa.

Hannu na Baba ne, ido nawa. Yana fiƙa yana shafawa, yana lanƙwasa katakon kusa da kunnensa, ni ina faɗa masa inda layi ya bi. Furen da ke tsakiya, inda sauti ke fita, ni na sassaƙa shi da 'yar wuƙarsa, kwana tara. Da ya shafa ya ce kamar akuya ta tauna, amma iska za ta wuce. Na yanke yatsa sau uku, na sha zagi ya fi na shekara goma, kuma ban taɓa jin daɗin zama da ubana kamar wannan hunturun ba. Ashe duk shekarun nan ina share shagon ban san me ake yi a ciki ba. Wannan kai ka jawo mini shi, da faɗuwarka da ƙaryarka, kuma na gode.

Ban sani ba ko mutum mai shekara talatin da biyu zai iya komawa farko. Baba ya ce shi ma bai sani ba.

Orsola

Mantova, 10 ga Yuli, 1525

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka. Yaya tarin Baba? Ki dafa masa zuma da ruwan inabi. Ki gaida Zorzi, ki ce masa duk lokacin da na buɗe akwatin sai yunwa ta kama ni.

Ban san yadda ake godiya a kan abu irin wannan ba. Ranar da ya iso na zauna na rungume shi, na kasa taɓa tsirkiya ko ɗaya har la'asar. Furenki ya karkace, gaskiyar Baba ce, kuma ba zan yarda kowa ya gyara shi ba.

Idin Yohanna ya wuce, makaɗin Venezia ya zo. Ya iya, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka ranar zan ji kamar an binne ni, sai na ga ina sauraronsa ina lura da yadda yake aza yatsu, don in gwada da nawa hannun. Maigida ya bar ni a kan koyar da mawaƙa da tsara waƙa, saboda haka ci da kwana ba abin damuwa ba ne.

Kullum da sassafe nake koyo. Yaya, abin dariya abin kuka. Kaina ya san kowace waƙa, hannuwana kuwa kamar na aro su. Dama tana so ta kaɗa, hagu tana so ta danna, ni ina tsakiya ina rabon faɗa. Matar da ke ƙasan ɗakina ta aiko a tambaya ko wani abu ne ya maƙale a taga. Amma shekaranjiya na kai wata 'yar waƙa mai sanyi tun daga farko har ƙarshe. Na yi kuskure goma sha ɗaya, na ƙirga. Muryar molon kuwa, ko a hannuna na yanzu, ta fi ta tsohon zurfi.

Ki gaya wa Baba zan zo. Amma ba zan zo da wannan kwamacalar ba. Mutumin da manyan makaɗa suka kaɗa aikinsa shekara arba'in bai cancanci a zauna gabansa ana tuntuɓe ba. Ku ba ni shekara biyu, in zo in kaɗa masa abin da ya dace da kunnensa.

Ƙaninki mai godiya,
Taddeo

Feltre, 2 ga Agusta, 1525

Taddeo,

Muna gaishe ka. Zan faɗa maka lafiyar Baba yadda take, tunda mun daina yi wa juna ado a gidan nan. Tarin bai tafi ba. Ba ya iya zuwa shago, a bakin ƙofa yake wuni cikin bargo, a tsakiyar zafin nan. Ba ya jin ciwo, yana ci kaɗan, yana dariya. Amma shekara biyun da kake nema, ban ga inda za mu samo maka su ba.

Na karanta masa wasiƙarka. Wurin matar da ke ƙasan ɗakinka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da na zo ƙarshe ya ce in ɗauko alƙalami in rubuta abin da zai faɗa, kada in sa nawa. Ga shi:

"Taddeo, ubanka ne. Na gode da ka karɓa. Wani da girman kai zai mayar da shi akwati, kai ka zauna kana tuntuɓe, wannan ya ishe ni.

"Gwanaye na ji su, sun ishe ni. Suna zuwa shagona su kaɗa ba kuskure, su tafi, ban tuna ko ɗaya ba. Abin da nake tunawa shi ne wani yaro ɗan shekara bakwai a ƙarƙashin teburina, yana kuskure wuri ɗaya sau ashirin, yana huci, yana sakewa. Ina aiki ina yi kamar ban ji ba. Ban taɓa gaya maka ba, amma ban ji kiɗan da ya kai wannan daɗi ba, kuma ban zaci Allah zai sake ba ni shi ba.

"Kada ka tsaya sai ka iya. Ka taho yanzu, tun kuskuren bai ƙare ba."

Iyakar maganarsa ke nan. Mai alfadari zai juyo daga Mantova ranar ashirin ga wata, na ce ya bar maka wuri.

Yayarka,
Orsola